Jesin wace ƙasa zan saro?

Sale Mai Jesi: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Baffa Idi, Malam Nura, barkanku da hutawa. Shawara nake nema. Na sayar da riɗina, kuɗin na hannu, ina so na shiga Kano na saro jesi kafin a fara Kofin Afirka a Maroko ranar 21 ga Disamba, 2025. Jarin ba zai wuce na dozin goma ba. Na ƙasashen da ke tashe yanzu zan ɗebo, ko na manyan da aka sani tun da can? Kun san kasuwata, Gujungu ran Lahadi, Maigatari ran Alhamis. Ƙasa in ta fita tun a rukuni, rigarta ta yi kwantai ke nan, ko ka karya kuɗin ba mai tayawa.

Auwalu: Wa alaikumus salam. Yaya Sale wannan ai ba abin neman shawara ba ne. Maroko. Ka zuba rabin kuɗinka a kanta ka je ka yi barcinka.

Habu Direba: To fa, an taɓo wa Auwalu inda yake masa ƙaiƙayi.

Auwalu: Ba son rai ba ne, Yaya Habu. A lissafa mana. Wasanni takwas suka buga na neman gurbin Kofin Duniya, duk takwas ɗin suka cinye. Nijar biyar da nema suka yi mata. A watan Oktoba suka cika wasa 16 a jere suna ci, suka karya tarihin Sifaniya mai 15. Yaransu 'yan ƙasa da shekara 20 sun je Chile sun doke Ajantina biyu da nema sun ɗauko kofin duniya. Hakimi ne gwarzon Afirka na bana. Ga shi kuma a gidansu za a buga. Me kuma ake nema?

Baffa Idi: Ana neman kofi, yaro. Sale, ka tambayi ƙanin naka sau nawa Maroko ta taɓa ɗaukar Kofin Afirka.

Auwalu: Baffa ai tarihi ba ya buga ƙwallo.

Baffa Idi: Sau ɗaya. 1976, a Habasha. Ko mahaifinka bai yi aure ba lokacin. Masar bakwai gare ta, Kamaru biyar, Gana huɗu, mu uku, Kodebuwa uku. Ni dai abin da na sani, da tsohuwar zuma ake magani. Sale, ka ɗauko tamu da ta Masar da ta Kamaru, in da canji ka ƙara ta Sanagal.

Ɗanlami Gidan Kallo: Allah ya ƙara wa Baffa lafiya. Bari na faɗi abin da idona ya gani, tunda a ɗakina ake kallon. Bayan Kofin Duniya na Katar babu rigar da ta cika min benci kamar ja ta Maroko, kuma ba laifin yara ba ne, mutanen sun cire Sifaniya sun cire Fotugal sun kai wasan daf da na ƙarshe. Sai ga Kofin Afirka a Kodebuwa, farkon 2024, zagayen 'yan 16, su da Afirka ta Kudu. Daren nan ana zuba sanyi, na sauke tabarmar ƙofa, ɗaki ya cika har masu tsayuwa a jikin taga. Afirka ta Kudu na da ɗaya, saura 'yan mintoci aka ba Maroko fenareti. Hakimi ya ajiye ƙwallo, benci uku na gaba duk sun miƙe, sai muka ji ƙarfen sama ya yi ƙara. Kafin a tashi Mokoena ya ƙara ta biyu. Wani yaro a bencin gaba ya ja rigar sanyinsa ya rufe jesin har wuya, ya sunkuya ta ƙarƙashin tabarma ya fice, canjinsa ma sai washegari ya aiko ƙaninsa ya karɓa.

Habu Direba: Mun san yaron. Yana cikin zauren nan.

Auwalu: Wanda ya ga fuskata ya rantse.

Ɗanlami Gidan Kallo: Ba a nan ma ta fara ba. A 2019 a Masar, Maroko ta ci wasanninta uku na rukuni, sai Binin ta cire ta a bugun fenareti. Binin fa, maƙwabtanmu.

Sale Mai Jesi: Ke nan na bar Maroko gaba ɗaya?

Malam Nura: A'a Sale, kar ka bar ta. Ban shigo da wuri ba, ina makin jarrabawar yara. Abin da Auwalu ya lissafa gaskiya ne, abin da Baffa ya lissafa ma gaskiya ne, amma kowanne da inda yake yaudarar mutum. Na fara da na Auwalu. In aka ce maka ƙasa ta ci wasa kaza a jere, tambaya ta farko ita ce da su wa. Rukunin Maroko na neman gurbi Nijar ne da Tanzaniya da Zambiya da Kwango Barazabil. Ba raini ba, amma babu Sanagal a ciki, babu Masar, babu Kodebuwa. Sannan ƙasa ba kulob ba ce. Kulob kowane mako yana fili, in ka duba wasanninsa biyar na baya ka ga halin da yake ciki a wata ɗaya. Ƙasa kuwa sai Maris, sai Yuni, sai Satumba, Oktoba, Nuwamba, kowanne a haɗu 'yan kwanaki a watse. Wasanni biyar na ƙasa sun kai kusan rabin shekara. A tsakani wani ya ji rauni, wani ya koma benci a kulob ɗinsa, wani lokacin har koci an sauya. Mutanen da suka ci wasan farko a jerin ba lalle su ne za su fito fili a Disamba ba. Shi kansa Hakimi yana jinyar ƙafa tun wasan kulob ɗinsa da Bayern a farkon Nuwamba.

Auwalu: Zai warke, Malam.

Malam Nura: Allah ya ba shi lafiya. Amma ka tuna Aljeriya. Ta ɗauki kofi a 2019, ta tafi Kamaru a Janairun 2022 da dogon jerin wasanni ba a doke ta ba, har ya kai 35. Saliyo ta riƙe ta canjaras, Ikwatoriyal Gini ta ci ta ɗaya, Kodebuwa ta yi mata uku da ɗaya. Ta ƙare a ƙasan rukuni da ƙwallo ɗaya tak a raga. Italiya ta yi wasa 37 ba a ci ta ba, ta ɗauki kofin Turai a 2021, watanni kaɗan Masedoniya ta Arewa ta tare mata hanyar Katar.

Baffa Idi: Ka ji ko? Malam ya goyi bayana.

Malam Nura: Ban gama ba, Baffa, ranka ya daɗe. Aljeriya da Italiya ai manyan sunaye ne su ma, kuma sunan bai cece su ba. Kofunan Masar bakwai, na ƙarshe 2010 ne. Na Gana huɗu, na ƙarshe 1982, kuma bana ko gurbin zuwa Maroko ba ta samu ba. Kamaru kuwa Cape Verde ce ta sha gabanta a rukunin Kofin Duniya, tsibirai da mutanensu ba su kai na birnin Kano ba. Waɗanda suka ci wa ƙasa kofi shekara talatin da suka wuce yanzu a kujerar sharhi suke. In ana maganar nagartar ƙasa, ni abin da nake dubawa shi ne mutanen da take da su yau, a ina suke bugawa, ana sa su ko suna ɗumama benci, kuma in biyu sun ji rauni wa zai shigo. Ta wannan ma'aunin Maroko ba tashe kawai take ba, tana da mutane har a benci.

Auwalu: Allah ya ƙara ilimi, Malam!

Baffa Idi: To ni na yarda da rabi. Ni manomi ne, ga yadda nake ganin abin. Gonar jigawa in damina ta yi kyau shekara ɗaya sai ta ba ka mamaki, har ka ce ta fi ta fadama. Wanda ya sayi gona saboda amfanin bara kawai bai san noma ba. Ana duba ƙasar, a duba abin da ta saba bayarwa har a shekarar da ruwa ya yi gardama. Masar irin wannan ce. A Garwa ta Kamaru a 2022 mun ci su ɗaya mai ban haushi, Iheanacho ya zuba, mun fi su komai a fili. Muka ci Sudan uku da ɗaya, muka ci Gini Bisau biyu da nema, maki tara cif. Su kuma suna ta rarrafe, ƙwallo da ƙyar. Wa ya kai wasan ƙarshe? Su. Sun cire Kodebuwa da fenareti, sun cire Maroko taka Auwalu, sun cire Kamaru mai masauki. Mu kuwa Tunisiya, wadda ta fito rukuni a ta uku kuma korona ta kwantar mata da koci, ta sallame mu a zagayen 'yan 16.

Malam Nura: Wannan kam haka ne. Sai dai ita ma fadama in aka bar ta ba taki tana gajiya, Baffa.

Ɗanlami Gidan Kallo: Kar a tuna min daren Tunisiya. Na ƙaro benci daga makarantar allo, na sayi man da zai kai ni har wasan ƙarshe. Iwobi ya shigo bai daɗe ba aka ba shi jan kati. Daga ranar ɗakin ya koma rabi.

Sale Mai Jesi: Ni ma ai jesin Najeriya ne suka kwana a hannuna wancan karon. Shi ya sa nake tunanin na raba sarin biyu, na ɗebo kaɗan yanzu, na jira a gama rukuni na ga waɗanda suka yi zafi sannan na koma Kano.

Tanimu Tela: Raba sarin shawara ce mai kyau, amma kar ka ce rukuni ne zai gaya maka gaskiya. Labarin da Baffa ya bayar yanzu ai na rukuni ne. Ga kuma Kodebuwa a gidanta. Mun ci su ɗaya, Ikwatoriyal Gini ta yi musu huɗu da nema a Abijan, aka kori kocinsu Gasset ana tsakiyar gasa, aka ba mataimakinsa Emerse Fae. Da maki uku suka tsallake, shi ma sai da Maroko ta ci Zambiya. A ranar ko kyauta aka ba ka rigarsu ruwan lemo ɗin nan ba za ka karɓa ba. Sai suka cire Sanagal mai riƙe da kofi, suka cire Mali suna mutum goma, suka cire Kwango Kinshasa, suka zo wasan ƙarshe ranar 11 ga Fabrairu. Troost-Ekong ya fara ci mana, Kessie ya farke, Haller ya ƙarasa mu. Ita kuma Ikwatoriyal Gini mai cin huɗu, zagaye na gaba Gini ta cire ta.

Habu Direba: Kawu Tanimu ka fama min ciwo. A hanya na ji wannan wasan a rediyo, na tsaya a gefen titi da fasinja, babu wanda ya ce na ja mota.

Malam Nura: Amma ku lura da wani abu a labarin Kawu. Kodebuwa ɗin da aka yi wa huɗu tana da Kessie, tana da Fofana, tana da Sangare, Haller da Adingra kuma suna jinya a farkon gasar, sai daga baya suka dawo. Mutanen suna nan, wasan ne ya ƙi. Ƙasa mai mutane in ta yi tuntuɓe tana da abin da za ta miƙe da shi. Haka Ajantina a Katar, Saudiyya ta ci ta biyu da ɗaya a wasan farko, ita ta ɗauki kofin, Saudiyya ta koma gida daga rukuni. Sifaniya ma a 2010 Suwizalan ta ci ta a wasan farko.

Auwalu: To Malam, Zambiya ta 2012 fa? Su wa gare ta? Kodebuwa ta zo da Drogba da Yaya Toure da Gervinho, ba a zura mata ko ɗaya ba har aka gama gasar, kuma Zambiya ta ɗauke kofin a fenareti takwas da bakwai. Wannan ba tashe ba ne?

Malam Nura: Tashe ne, kuma tashe yana cin kofi, ban musa ba. Gasar wata ɗaya ce, wasa bakwai yanzu, wancan lokacin ma shida. Mutane goma sha ɗaya da suka fahimci juna, gola ya samu sa'a, sai ka ga an kai. Girka ta yi a Turai a 2004. Amma shekara ɗaya bayan kofin Zambiya, a rukuninmu ta faɗo a Afirka ta Kudu, ta yi canjaras uku ta koma gida. Kuma wa ya hango ta kafin a fara? Matsalar Sale ke nan, shi dole ya biya kuɗi kafin a busa usur.

Baffa Idi: Zambiya kam akwai abin da ya fi ƙwallo a wannan kofin. A gaɓar Gabon jirginsu ya faɗi a 1993, 'yan wasansu suka rasu, kuma a Libarabil ɗin aka buga wasan ƙarshen. A 1994 da sabuwar tawaga suka zo mana wasan ƙarshe a Tunis, su suka fara ci ma, Amuneke ya zuba biyu. Ko ni da nake murna sai da na ji tausayinsu.

Sale Mai Jesi: Malam, jadawalin FIFA fa? Wani a Kano ya ce min kawai na bi goman farko na Afirka.

Malam Nura: Ka duba shi, amma ka san yadda ake haɗa shi. Tun 2018 suka sauya lissafi. Kowane wasa ana ƙara maka maki ko a rage, gwargwadon ƙarfin wanda ka kara da shi da kuma nauyin wasan. Wasan sada zumunta nauyinsa 5 ne ko 10, na neman gurbi 25, na Kofin Afirka 35, daga kwata fainal 40, na Kofin Duniya 50 zuwa 60. Saboda haka wasa ɗaya a Katar ya ninka na sada zumunta sau biyar ko fi. Makin kuma taruwa yake, ba ya zubewa da wuri, shi ya sa jadawalin ya fi nuna abin da ƙasa ta yi a 'yan shekaru fiye da halin da take ciki wannan watan. Bai san wa ya ji rauni ba, bai san an yi rikicin alawus a sansani ba. Beljiyam ta shafe sama da shekara uku tana ta ɗaya a duniya, ba ta ɗauki ko cokali ba.

Baffa Idi: Mu ma mun taɓa zama na biyar a duniya, 1994. A rubuta.

Auwalu: An rubuta, Baffa. An kuma rubuta Kofin Duniya biyu a jere za mu kalla a gidan Yaya Ɗanlami ba mu a ciki.

Habu Direba: Yaron nan bakinsa ba linzami.

Sale Mai Jesi: Ai nan ne ma abin ya fi ɗaure min kai. Tun da Kwango Kinshasa ta cire mu a wasan neman gurbin Kofin Duniya a Rabat mutane ke zagin 'yan wasan. Ran Lahadi wani ya ɗaga koriyar a rumfata, ya juya ta gaba da baya, ya ce ko goge babur ba zai yi da ita ba. Na ɗauko tamu da yawa kuwa?

Ɗanlami Gidan Kallo: Ɗauko. Wannan mai goge babur ɗin shi zai fara zuwa ranar da muka ci Tanzaniya. Na san mutanena. Fushinsu ba ya wuce wasa ɗaya.

Tanimu Tela: Kuma mu ba mu taɓa yin abin kirki lokacin da ake yabonmu ba. A 2012 ko zuwa ba mu yi ba. A 2013 Keshi, Allah ya ji ƙan maza, ya kwashi 'yan wasan gida ana ta surutu, muka yi kunnen doki da Burkina Faso, muka yi da Zambiya, sai da Moses ya ci Habasha fenareti biyu muka fito. Daga nan Kodebuwa biyu da ɗaya, Mali huɗu da ɗaya, Sunday Mba ya rufe da Burkina. Bayan mun ɗauki kofin kuma 2015 da 2017 duk a gida muka zauna. A 2024 ma da aka tafi, bayan canjaras da Lesotho da Zimbabwe, wa ya ce za mu kai wasan ƙarshe?

Malam Nura: Kawu, wannan kam ba ƙa'ida ba ce da mutum zai zuba jari a kai. Ni abin da na gani a wannan neman gurbin ya fi sauƙi. Wasanni huɗu na farko babu Osimhen, muka samu maki uku: Lesotho, Zimbabwe, Afirka ta Kudu duk ɗaya da ɗaya, Binin ta ci mu biyu da ɗaya. Da yana nan a Uyo shi kaɗai ya zuba wa Binin ɗin uku. Gabon ma ya zuba mata biyu. Da Kwango aka cire shi a hutun rabin lokaci, daga nan ba mu ƙara yin wani abu a gaba ba. Muna da gwarzon Afirka na 2023 da na 2024, shi da Lookman, saboda haka ba za a ce ba mu da mutane ba. Amma tawagar da mutum ɗaya in ya fita sai ta lalace, nagartarta da sauran magana. Sale, kafin ka biya kuɗi ka tabbatar sunansa na cikin jerin da koci Chelle zai fitar.

Baffa Idi: A zamanin Westerhof in Yekini bai ci ba Amokachi zai ci, in ba shi ba Amuneke ko Finidi. Shi ne abin da nake ta faɗa.

Malam Nura: A nan kam bakinmu ɗaya, Baffa.

Malama Hadiza: Sallama dai. Ina ta karantawa ban sa baki ba. Yaya Sale, duk wannan muhawarar ta wanda zai ci kofi ce, kai kuma riga kake sayarwa. Mu da muke saya wa yara mun san ba sa tambayar jadawali. Nawa biyu, ɗaya Salah yake so, ɗaya Osimhen, ko an cire su ko ba a cire ba. Ka yawaita ƙananan lamba, na 'yan shekara shida zuwa goma sha biyu, su ne ba a samu a kasuwa, kullum sai manya kamar buhu. Kuma ka duba yadin, akwai wanda wanki ɗaya lambar take ɓarewa ta manne a jikin wata rigar.

Sale Mai Jesi: Na gode Malama, wannan na ƙananan lamba ban kawo shi a raina ba.

Malama Hadiza: Sannan tunda ana maganar Maroko a gidanta, ba wanda ya tuna matanmu. A watan Yuli a Rabat Maroko na gaba da biyu da nema a wasan ƙarshe, filin duk nasu ne, Super Falcons suka rama suka ci uku da biyu, kofi na goma. A 2022 su Marokon ne suka cire mu a fenareti. Baffa, wannan hujjarka ce na kawo maka kyauta.

Baffa Idi: Allah ya yi miki albarka, 'yata. Auwalu ka ji.

Auwalu: Na mata daban, Baffa.

Habu Direba: Ni ta fannin Maigatari zan yi magana, tunda kowace Alhamis ina can. Mutanen Nijar da ke tsallakowa ba su da tawaga a wannan gasar, tawagarsu Mena ba ta samu gurbi ba, duk da ta je har Akara ta ci Gana biyu da ɗaya. Saboda haka kowa zai zaɓi wadda zai bi. Abin da nake gani a jikinsu ya fi yawa ta Mali da ta Sanagal, ta Mali ma saboda zanen gaban nan ne, ko ba ƙwallo kyakkyawa ce. Ka tuna tamu ta 2018 mai zanen fuka-fukai, tun ba a buga wasa ba ta ƙare a kasuwa, kuma ko da Ajantina ta cire mu ba a daina sa ta ba.

Ɗanlami Gidan Kallo: Ahmed Musa ne ya ƙara mata farin jini, biyun nan da ya ci Aisilan. Har yau akwai masu zuwa kallo da ita, lamba bakwai, ta koɗe ta zama fara.

Auwalu: Yaya Habu ka ce Sanagal ba wanda ya yi gardama. Ita ai tana tashe, ta je Ingila ta ci su uku da ɗaya a watan Yuni.

Malam Nura: Wasan sada zumunta ne a ƙarshen kakar wasa, Auwalu, kowa ya gaji. Ban ƙi Sanagal ba, amma ba don wannan ba. Wasan ƙarshe a 2019, kofi a 2022, Kofin Duniya 2018 da 2022, ga na 2026 sun samu. Shekara bakwai ke nan ba su sauka ba, an sauya koci ma ba su girgiza ba. In da ƙasar da maganarka da ta Baffa suka haɗu a kanta, ita ce.

Tanimu Tela: Sale ga tawa ta ƙarshe, ta sana'a ce. Rabin abin da za ka ɗauko ka ɗauko wanda ba a buga suna a baya ba. Kowace gasa akwai yaron da ba a sani ba da zai fito, kamar Nwabali a 2024, kafin a fara wa ya san shi a nan? Sati biyu sai ga yara suna neman rigar gola. In rigar ba suna, ka kawo min na buga maka wanda ake yayi, in kuma an cire ƙasar sai mu buga sunan mai saye ko na kulob ɗin unguwa. 'Yan gasar ƙauyuka ta bayan kaka suna neman saiti, ba ruwansu da wa ya ci a Maroko, su dai launin ya zo ɗaya.

Habu Direba: Kawu na neman wa kansa kasuwa a cikin shawara.

Tanimu Tela: To da wa zan nema wa?

Sale Mai Jesi: Allah ya saka wa kowa da alheri. Ga yadda zan yi. Dozin bakwai yanzu: uku tamu, ɗaya da rabi Maroko, ɗaya Sanagal, ɗaya Masar, rabi Mali, yawanci ƙananan lamba. Kuɗin dozin uku zan riƙe sai an kai kwata fainal.

Baffa Idi: Babu Kamaru? Babu Kodebuwa mai riƙe da kofi?

Sale Mai Jesi: Baffa jarin ne bai kai ba. In sun kai kwata fainal suna cikin ukun.

Baffa Idi: Lokacin kowa ya gani, 'yan sari sun ƙara kuɗi. Ka rage rabin Maroko ka sa Kodebuwa.

Auwalu: Kar ka taɓa min Maroko, Yaya Sale. Ka ma ajiye min ɗaya, lamba biyu, zan biya in na sayar da wakena.

Sale Mai Jesi: Ta Katar ma saura canji, Auwalu.

Habu Direba: Sale in Talata za ka shiga, bayan asuba nake tashi daga tasha, ka zo da wuri gaba ya cika. Kawu Tanimu, in akwai saƙon fenti ko takardar lamba ka ba shi ya taho maka da su.

Tanimu Tela: Akwai. Fari da baƙi, zan aiko yaro da kuɗin gobe da yamma.